Tsirkiyar E tana ruri, G tana raɗa: ta ina za a fara gyara?

Ka ce jitar bes ɗinka mai tsirkiya huɗu ce, mai fikof (maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya) biyu irin na Jazz Bass ta kamfanin Fender, kuma idan ka taɓa tsirkiyar E, wadda ta fi kauri, sai sauti ya cika ɗaki, amma da zarar ka koma kan G, wadda ta fi siranta, sai ya tsuke kamar wani ya rage maka ƙara. Kana tambaya ko kwamfuresa, na'urar da ke danne ƙarar da ta yi yawa, za ka saya, ko kuwa fikof ne ya gaji a canza shi.

Ɗan'uwa, dakata da sayen komai tukuna. Na daɗe ina kaɗa bes ina kuma gyara ta, kuma mafi yawan waɗanda suka kawo min irin wannan kuka sun koma da jitarsu lafiya ba tare da an canza ko ƙarfe ɗaya ba. Sukudireba da rula da kunne ne suka yi aikin. Abin da ke ɓata wa mutane lokaci shi ne fara gyara kafin a gano inda ciwon yake, domin abu biyar ko shida ne ke iya haifar da wannan alama guda, kuma wasunsu ma ba a jikin jitar suke ba.

Gwajin farko da nake so ka yi ba ya buƙatar kayan aiki. Tambayar da za ka amsa ita ce: matsalar tsirkiya take bi, ko murya take bi? A jitar bes ana samun murya ɗaya a wurare da dama. Muryar G da ke fita daga siririyar tsirkiyarka a sake, ita ce dai a firet (ƙarafan da aka jera a wuyan jita) na 5 na tsirkiyar D, da firet na 10 na A, da firet na 15 na E. Haka muryar A tana nan a sake, tana kuma nan a firet na 5 na E. Kaɗa su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfin hannu iri ɗaya. Idan muryar G ta yi rauni ko'ina ka kaɗa ta, to jitarka ba ta da laifi, a nemi mai laifin a amfilifaya, ko sifika, ko ɗakin da kake ciki. Idan kuwa G ta fito da ƙarfinta a kan D da A amma ta yi sanyi a kan tsirkiyarta, kuma duk sauran muryoyin wannan tsirkiya haka suke, to magana ta dawo kan jita ko kan hannunka. Akwai hali na uku, inda wuri ɗaya ko biyu kacal ne a kan tsirkiya ɗaya suke mutuwa da wuri. Wannan ciwo ne na daban, zan zo kansa.

Bari in fara da ɗaki, don shi ne wanda ba a cika zargi ba alhali yana yawan aikata laifin. Tsirkiyar E a sake tana kaɗawa sau 41 da ɗoriya a daƙiƙa, A sau 55, D kusan 73, G kuma 98. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa cikin iska, saboda haka tsawon zangon igiyar sautin E ya haura mita 8. Igiya mai wannan tsawo idan ta shiga ƙaramin ɗaki sai ta bugi bango ta dawo ta haɗu da 'yar'uwarta mai zuwa. A wani wurin su taru su ninka ƙarfi, a wani wurin su kashe juna. Lissafin mai sauƙi ne: raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin. Ɗaki mai tsawon mita 4 zai ba ka kusan 43, wato dab da muryar E. Mai irin wannan ɗaki zai rantse cewa tsirkiyarsa ta E ta fi ƙarfin sauran, alhali bango ne ke taya ta. Idan aka jingina sifika a kusurwa abin ya ƙara tsananta, domin kowane bango da ke kusa da ita yana ƙara wa ƙananan muryoyi, wato masu kauri irin na E, nauyi. Don ka tabbatar, sa wani ya riƙa kaɗa E kai kuma ka zaga ɗakin a hankali. Za ka ji inda take ruri da inda take kusan ɓacewa, taku biyu kawai tsakani.

Hanyar cire ɗaki daga cikin lissafi ita ce ka saurari jitar da hedifon mai kyau, ko ka jona ta kai tsaye cikin na'urar ɗaukar sauti ka kalli ma'aunin ƙara yayin da kake kaɗa kowace tsirkiya. Amma kada ka ba ma'auni gaskiya ɗari bisa ɗari. Tun 1933 masu bincike biyu, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunnen ɗan'adam ba ya jin ƙananan muryoyi da ƙarfin da yake jin na tsakiya, musamman idan an rage ƙara. Don haka allura za ta iya nuna E ta zarce G da ɗan tazara amma kunne ya ji su daidai. Ni ma'auni nake amfani da shi don in ga babban giɓi, kunne kuma shi ke yanke hukuncin ƙarshe, a irin ƙarar da ake wasa da ita a gaban jama'a, ba ƙarar ɗakin kwana ba.

Sai maɓallan amfilifaya. Mutane da yawa suna ƙara na ƙananan muryoyi, su rage na muryoyin tsakiya, saboda yana da daɗin ji idan mutum shi kaɗai yake. Wannan saiti shi kansa yana kumbura E yana ramar da G, domin jikin sautin G da D a tsakiyar nan yake zaune. Mayar da komai daidai wa daida kafin ka ci gaba da gwaji. In jitar mai batir ce, sa sabon batir mai bolt 9, ka kuma mayar da nata maɓallan tsakiya.

To, a ce ka yi duk wannan kuma G tana nan da sanyinta. Yanzu zare waya, ka kaɗa jitar haka nan babu wuta, a wuri shiru. Kana iya manna haɓarka a jikin katakon don ka ji da kyau. Idan tun a nan wata tsirkiya ta fi sauran dushewa ko saurin mutuwa, da wuya fikof yana da hannu, sai dai in maganaɗisunsa ya matso kusa da tsirkiyar da yawa. Abin da za a duba shi ne tsirkiyar kanta da wurare biyu da take hawa.

Tsirkiyoyi ba sa tsufa tare. Gumi da dattin hannu suna shiga tsakanin zoben wayar da aka naɗe su da ita, kuma wadda aka fi taɓawa ita ke fara mutuwa. Wanda ya tsinke guda ɗaya ya maye ta da sabuwa daga wani kamfani daban, ko ya haɗa ta bakin ƙarfe da ta nikel, ya riga ya shuka rashin daidaito da hannunsa, domin maganaɗisu ba ya jan kowane irin ƙarfe da ƙarfi ɗaya. Kauri ma yana da tasiri. Saitin da aka fi sani yana tashi daga .045 zuwa .105 na inci. Wanda ya sa G mai kaurin.040 tare da E mai .105 ko .110 kada ya yi mamaki in siririyar ta kasa kamo babbar. Kuma sabuwar tsirkiya ma takan zo a mace daga cikin leda, ko a kashe ta wajen ɗaurawa. Idan aka naɗa ta a jikin maɗaurin da hannu ba a bar gindinta ya juya ya warware ba, cikinta yakan murɗe, sai ta riƙa ba da sauti mai dushi-dushi da rawa-rawa. Maganin shi ne a sassauta ta sosai, a bar ƙwallon gindinta ya juya yadda yake so, a sake ɗaurewa. Bayan an ɗaure, danna ta da babban yatsa dab da gaban sirdin gada, wato ɗan ƙarfen da take hawa a gindin jitar, da kuma dab da ƙashin nan mai tsaga-tsaga da ke bakin wuya, don ta karya sosai a inda ya kamata ta fara kaɗawa. Masu kauri, irin su E, su suka fi buƙatar wannan, saboda taurinsu yana sa su yi baka a kan sirdi maimakon su zauna daram.

Wani abu da ya shafi jita mai kai irin na Fender: ɗan ƙarfen da ke danne tsirkiya a kan jitar, tsirkiyoyin D da G kawai yake riƙewa. Tsirkiyar A ba ta da mai danne ta, don haka idan aka yanke ta gajera aka yi mata naɗi ɗaya ko biyu, ba ta samun isasshen gangare a bayan ƙashin, sai ta riƙa kaɗa-kaɗa a cikin tsagarta tana zubar da ƙarfi. A bar mata tsawo, a naɗa ta zagaye uku ko fiye tana gangarowa ƙasan maɗaurin. Duba kuma ƙananan kusoshin da ke ɗaga kowane sirdi. Biyu ne, in ɗaya ba ya taɓa ƙasa sosai, sirdin yana lilo, kuma tsirkiyar da ke kansa ba za ta taɓa yin ƙarfi ba.

Kafin ka taɓa fikof, sai ka tabbatar wuya da tsayin tsirkiyoyi sun zauna inda kake so, domin duk wani canji a nan yana canza nisan tsirkiya da maganaɗisu, ka ga aikin baya ya tashi a banza. Danne tsirkiyar E a firet na farko da na ƙarshe a lokaci guda, ka dubi ratar da ke tsakaninta da firet na 8. Kamfanin Fender yana ba da shawarar kusan milimita 0.3, wato siririyar rata da ido ke gani da ƙyar. Tsayin tsirkiya kuwa a firet na 17, kusan milimita 2.4 a ɓangaren E da milimita 2 a ɓangaren G. Idan G ta yi ƙasa da yawa tana gogar firet, ko da ba ka jin ƙarar gogar a sifika, gogar tana cinye mata ƙarfi tun daga bugun farko. Wuyan kuma ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da ɗan doro daga gefe zuwa gefe, kuma ya kamata sirdunan huɗu su bi wannan doron. In ba ka saba murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda da ita ake gyara lanƙwasarsa, ba, kai wa wanda ya iya. Rubu'in zagaye ma yana da yawa a wani lokacin.

Yanzu mun iso inda nake kyautata zaton matsalarka take. Fikof maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla dubban zagaye. Tsirkiya tana kaɗawa a cikin filin maganaɗisun, motsinta ya haifar da 'yar wuta a cikin wayar, ita ce amfilifaya ke ƙarawa. Ƙarfin wannan fili yana raguwa da sauri ƙwarai yayin da ake nisa, shi ya sa milimita ɗaya tak ke iya canza ƙara yadda kowa zai ji. E kuma ta fi G yawan ƙarfe, ta fi ta faɗin lilo, don haka idan aka ajiye su a nisa ɗaya da fikof, dole E ta rinjaya. Fikof da aka saita daidai a karkace yake, ɓangaren E a ƙasa, ɓangaren G a sama. Sau da yawa nakan karɓi jita in tarar da shi a miƙe sambal, ko ma ya karkata ta inda bai kamata ba.

Ga yadda ake aunawa. Danne tsirkiya a firet na ƙarshe, ka auna daga ƙasan tsirkiyar zuwa saman ƙarfen maganaɗisun. Ma'aunin da Fender ke bayarwa ga fikof ɗinsa na yau da kullum shi ne kusan milimita 2.8 a ɓangaren E da milimita 2 a ɓangaren G. Ga masu tsarin da, kusan 3.2 da 2.4. Ɗauki waɗannan a matsayin mafari kawai. Daga nan sai kunne: kaɗa E, kaɗa G, murɗa kusa rabin zagaye, sake kaɗawa. Tunda fikof biyu gare ka, rufe ɗaya ka daidaita ɗayan shi kaɗai, sannan ka juya, sannan ka buɗe su tare ka ji. Na kusa da gada yana iya matsowa kusa fiye da na wajen wuya, saboda lilon tsirkiya kaɗan ne a can. Rubuta adadin zagayen da ka yi wa kowace kusa don ka iya komawa in abin bai yi ba.

Shawarata a nan ita ce ka fara da sauke ɓangaren da ya yi ƙarfi kafin ka ɗaga wanda ya yi rauni. Mutane sun fi son ɗagawa don ƙara tana ƙaruwa, amma maganaɗisu yana jan tsirkiya, kuma in ya matso da yawa sai ya hana ta kaɗawa yadda take so. Alamarsa ita ce murya ta riƙa rawa kamar biyu ne ke faɗa da juna, musamman a kan E a firet na sama, na'urar saita murya ta kasa tsayawa wuri ɗaya, sautin kuma ya mutu da wuri. Ga kuma ƙarar ƙwas da ake ji idan tsirkiya ta bugi ƙarfen fikof lokacin da aka kaɗa da ƙarfi. Ƙarar da ka rasa ta hanyar saukewa, amfilifaya zai mayar maka da ita cikin sauƙi.

Idan ka sassauta kusa amma fikof ya ƙi tasowa, soson da ke ƙarƙashinsa ne ya mutu. Shi ne ke turo shi sama, kuma da shekaru yakan lanƙwashe ya daina turawa. Ciro fikof a hankali kada wayoyinsa su tsinke, ka sa sabon soso mai tauri ko 'yan sifirin a jikin kusoshin. Wannan ƙaramin abu ya sa an yar da fikof masu lafiya da yawa.

Akwai iyakar abin da karkatarwa za ta iya yi a irin jitarka, kuma gara ka san shi. Jazz Bass, wadda ta fito a 1960, fikof ɗinta sanda ɗaya ce miƙaƙƙiya, tsirkiyoyi kuwa suna bin doron wuya, don haka A da D da ke tsakiya sun fi E da G nisa da maganaɗisu. A wuya mai doro sosai, irin na da mai inci 7.25, ana jin wannan fiye da a mai inci 9.5 ko 12 (a awon doro, ƙaramar lamba ta fi doro). Precision Bass ba ta da wannan damuwa sosai tun 1957 da aka raba fikof ɗinta gida biyu, rabi na E da A, rabi na D da G, kowanne da kusoshinsa, ana karkata su su bi doron kamar rufin ɗaki. Idan bayan gyara ka ji na tsakiya ne suka koma baya, sauke fikof ɗin gaba ɗaya kaɗan. Yayin da nisa ya ƙaru, bambancin da ke tsakanin tsirkiyoyin yana raguwa. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka danna ko ka buga ƙarafan maganaɗisun don su taso. A fikof irin na da, wayar tagullar kusan a jikinsu take naɗe, motsi kaɗan zai tsinka ta.

Leƙa kuma daga sama ka ga ko kowace tsirkiya ta ratsa ta inda ya dace. A Jazz Bass kowace tsirkiya tana da ƙarfe biyu, ta tsakaninsu take wucewa. Idan G ta zame waje, wataƙila wuya ne ya ɗan goce a mazauninsa. A sassauta kusoshi huɗun da ke bayansa kaɗan, a ja shi ya dawo tsakiya, a ɗaure.

Na yi maka alkawarin komawa kan wurin da ke mutuwa shi kaɗai. A jita masu wuya irin na Fender an fi samunsa a tsirkiyar G, tsakanin firet na 5 da na 7. Muryar takan fito, amma kafin ka ankara ta ɓace, ta bar wani siririn sauti a sama. Dalili shi ne wuyan kansa yana da muryar da yake amsawa, kuma idan ka kaɗa ta sai katakon ya karɓe ƙarfin tsirkiyar ya yi ta girgiza da shi. Gwajinsa: jingina kan jitar da bango ko ƙofar katako ka sake kaɗa wurin. In muryar ta daɗe, ka kama shi. Ba a kawar da shi gaba ɗaya, sai dai a matsar da shi ta hanyar canza nauyin kan jitar, ko da ɗan ƙarfen da ake maƙalawa, ko da maɗaurai marasa nauyi, har ya faɗa inda ba ya damun ka. Wani lokacin sauƙin abin shi ne ka koyi ɗaukar wannan murya a tsirkiyar D.

Saura hannu, kuma ina roƙonka kada ka tsallake wannan don ganin kamar zargi ne. Miƙa jitar ga wani makaɗi ka koma gefe ka saurara. Idan a hannunsa ta daidaita, ka sami amsa. Mai ɗora babban yatsa a kan fikof ba ya motsa shi, yakan kaɗa E da cikakken nauyin yatsa yana turawa ciki, amma kafin ya miƙa zuwa G hannu ya buɗe, sai ya riƙa tsinkar ta da ɗan bakin yatsa yana jan ta sama. Bugu biyu ne daban, dole su ba da ƙara biyu daban. Gyaran shi ne babban yatsa ya riƙa bin hannu, ya sauka kan E ko A idan za ka kaɗa D ko G, kuma kowane bugu ya ratsa tsirkiyar ya sauka a kan ta kusa da ita. Yi atisaye a hankali kana ɗaukar kanka, murya huɗu a kowace tsirkiya, ka saurara daga baya. Za ka kuma gano ko manuninka da na tsakiya ƙarfinsu ɗaya.

Kwamfuresa kayan aiki ne mai kyau, ni ma ina amfani da shi, amma aikinsa shi ne ya danne abin da ya yi sama, bai san wace tsirkiya ce ke magana ba. Idan E ta fi G da tazara mai yawa, zai riƙa shaƙe E kullum yana barin G, sai ka sami ƙara kusan ɗaya amma launin sauti biyu: ɗaya a matse, ɗaya a sake. Bayan jita ta daidaita, sa shi da sauƙi, awon 3 ko 4 bisa 1, yana rage desibel 3 zuwa 5 a bugu mafi ƙarfi, ya share 'yan ƙananan bambancin da hannu ba ya rasawa.

Canza fikof kuwa sai in ka kama shi da laifi dumu-dumu. Jona jitar, ka rage ƙara, ka ɗan taɓa kowane ƙarfen maganaɗisu da bakin sukudireba a hankali. Ya kamata duka su amsa da ƙara kusan ɗaya, su kuma ja sukudireban da ƙarfi kusan ɗaya. Idan na ƙarƙashin G sun yi shiru ko jansu ya yi rauni ƙwarai, maganaɗisun ya raunana, kuma mai gyara yana iya sake cusa masa ƙarfi ba sai an saya sabo ba. In kuwa ka ga dole sai sabon, nemi wanda tazarar ƙarafansa ta dace da tazarar tsirkiyoyinka, kuma tunda wuyanka mai doro ne, ka fi duba masu ƙarafan tsakiya a ɗage, ko masu doguwar sanda ɗaya a maimakon ƙarafa daban-daban.